Duwatsun Abzin: damina za a je ko ɗari, kuma akwai sauran naman daji?

Mushe Sani: Salamu alaikum ƴan uwa. Mu malaman lakwal ɗinmu nan Tawa mun yi shawarar mu haɗa kuɗi mu je mu ga duwatsun Abzin da idonmu, tun da kowace shekara muna nuna wa yara su a taswira. To gardama ta kaure tsakaninmu kan lokacin tafiya. Wasu sun ce cikin babban hutu, watan Agusta, lokacin da ƙasa ta yi kore. Wasu sun ce a bari sai hutun ƙarshen Disamba. Tambaya ta biyu ita ta fi damuna: akwai sauran naman daji a can da mutum zai gani, ko duwatsu kaɗai suka rage? Wanda ya san wurin ya taimake mu.

Direba Ɗan Abalak: Wa alaikumus salam Mushe. Ku cire Agusta daga ranku. Daga nan zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne, kuma kowa ya san yadda hanyar take bayan Abalak. Wannan ma mai sauƙi ce. Daga Agadas zuwa Timiya fiye da kilomita 200 babu kwalta, rabin tafiyar cikin kori, wato busasshiyar hanyar ruwa, ake yin ta. Da damina kori ba abin wasa ba ne. Rana tana dukan ka, babu ko hadari a kanka, ashe ruwa ya zuba bisa dutse can nesa. Sai ka ji ƙugi yana tasowa. Abin da za ka fara gani kumfa ne yana turo busasshiyar kaba da kashin raƙumi da itace, bayansa ruwa ja mai kauri kamar kunun kanwa. Kafin ka juya mota ya cika kori baki da baki. Mutanen Agadas ba su manta da abin da korin Telwa ya yi musu farkon Satumba na 2009 ba, unguwanni ya rushe.

Ahmadu Ɗan Timiya: Yaya direba gaskiya ka faɗa, amma rabinta. Ni can aka haife ni. Wanda ya ga Abzin da ɗari kaɗai ya ga dutse da lambu, bai ga ƙasar tana raye ba. Ruwanmu kaɗan ne, Yuli da Agusta ne galibi, wani lokaci ya ɗan taɓa Satumba. To dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya faɗo kansa gangarowa yake yi cikin kwari. Shi ya sa ruwan da ba zai tsirar da komai a fili ba, a gindin dutse yake tsirar da ciyawa har gwiwa. Kwana kaɗan bayan kori ya wuce sai ka ga baƙin dutse a sama, kore shar a ƙasa. Kandili ya yi sabon ganye, raƙuma sun ƙoshi, nonon awaki ya yi yawa har mata suna shanya cuku bisa tabarma. Ruwan da ke faɗowa daga dutse kusa da garinmu, wanda kuke gani a hoto, lokacin ne yake zubowa da ƙarfinsa. Da rani tafkin ƙasansa kaɗai za ka tarar, wata shekara da ɗan zirin ruwa. In ni ne zan ce ku je tsakiyar Satumba kafin a koma lakwal. Kori ya lafa, kore bai ƙone ba. A hanya ma sai ku ratsa Ingal in kun dace da bikin shan gishirin dabbobi.

Lawali: Ku yi haƙuri, ni dai ban ga abin kashe kuɗi ba. Naman dajin da Mushe yake tambaya an gama da shi tun tuni. Gandun dajin da aka ce an kafa a Abzin a takarda yake. In dabba kuke son gani ku tafi gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko Kure wajen raƙuman dawa, ga kwalta har kusa da wurin.

Baba Isufu: Ɗana Lawali, kada ka yi saurin binne abin da bai mutu ba. Na yi aikin tsaron gandun daji a jihar Agadas har na yi ritaya, bari in gaya muku abin da na sani.

An kafa gandun Abzin da Tenere a 1988. Faɗinsa kilomita murabba'i 77,360, ya ɗauki gabashin duwatsu da yammacin rairayin Tenere. Cikinsa anka keɓe wani yanki musamman don adaks, farar dabbar nan ta rairayi mai murɗaɗɗen ƙaho. Ƙididdigar da anka yi wajen 1990 ta ce akwai barewa kimanin 12,000, ragon dutse 3,500, maina, babbar barewar nan mai dogon wuya, 170. Jimina kuwa garke-garke take yawo. Daga nan tawaye ya ɓarke, ma'aikata sunka janye, bindiga ta yawaita a hannun kowa. Kafin a sa hannu kan sulhu ran 24 ga Afrilu 1995, jimina ta kusa ƙarewa ƙaf, kuma ba ta sake tashi ba. Yau in kana son ganin jiminar Abzin mai jan wuya sai cikin shinge, inda ake kiwonta a Iferwan, da Kelle wajen Gure. Adaks ma ta bar wurin, ɗan abin da ya rage yana can wajen Termit da Tin Tumma. Nan Lawali yana da gaskiya, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Amma ragon dutse yana nan. Abin da ya tsare shi, mota ba ta hawa inda yake kwana. Ga yadda ake ganinsa. Ka tashi tun kafin asuba, ka hau ka laɓe gefen wani tafkin dutse, iska tana busowa daga wajensa zuwa wajenka. Ka yi shiru. Launinsa da na dutsen ɗaya ne, ja-ja mai ƙasa-ƙasa, kuma in ya ji motsi ba ya gudu, tsayawa yake cik. Sau da yawa ƙaramin tsakuwa da ya gangaro shi ke tona shi. Sai ka ɗaga kai ka ga ƙaho ya lanƙwasa baya, ga dogon gashi tun daga maƙogwaro har ƙafafun gaba yana kaɗawa. Tunkiyar ma tana da ƙaho, sai dai nata bai kai na ragon kauri ba. Yakan daɗe bai sha ruwa ba, ganye da raɓa sun ishe shi, don haka ba kowace safiya ake dacewa ba.

Barewa tana nan bakin duwatsu inda kori ke ɓacewa cikin rairayi. Agwada tana nan birjik, da hantsi za ka gan su jere bisa dutse suna shan rana. Akwai jan biri, akwai gwaggon biri cikin duwatsun Tamgak, akwai dila da yanyawa. Wanda ya ce babu komai, cikin mota ya zauna.

Mushe Sani: Allah shi saka da alheri Baba. To a ganinku wane lokaci dabba ta fi ganuwa?

Baba Isufu: Ɗari da farkon rani. Da damina ruwa ko'ina, ciyawa ko'ina, dabba ta watse, ba ta da dalilin zuwa inda kake. In ƙananan tafkuna sunka ƙafe sai ta matso wajen waɗanda ba su ƙafewa. Ga shi kuma iska ta share ƙasa, sawu yana fitowa sarai da safe.

Hadiza (jami'ar Yamai): Barkanku da war haka iyayena. Ina karatun ilimin ƙasa, zan ɗan ƙara kan maganar Baba. Hukumar UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka, 1992, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. An lissafa dabbobi masu shayarwa iri 40 a ciki, tsuntsaye iri 165, masu jan ciki iri 18.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda gwaggon biri ya samu kansa tsakiyar Sahara. Ɗan uwansa mafi kusa yana can kudu da nisa. Dalili, shekaru dubbai da suka wuce duk yankin nan kore ne, da tafkuna da koguna. Da ƙasa ta bushe sai duwatsu suka riƙe ɗan sanyi da ruwa, abin da ya fake cikinsu ya rayu, na fili ya mutu ko ya yi kudu. Haka itatuwa ma. A ƙoƙuwar duwatsu akwai zaitun na daji, dangin na bakin tekun Bahar Rum, a kwari kuma ga aduwa da magarya da goriba irin namu. Shaida tana jikin dutse. A Dabus, gefen hanyar Agadas zuwa Arlit, mutanen da sun sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya haura mita 5, har da zanen jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan aiki ya zauna ya ƙare wa dabbar kallo ne.

Mushe, abu ɗaya ku lura da shi wajen tsara hanya. Bagazam, inda ƙoƙuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022, yana kudu, ba cikin iyakar gandun yake ba. Tamgak da Iferwan suna arewa. Hutun Disamba ba zai ishe ku duka biyun ba in kuna son ku taka da ƙafa.

Ahmadu Ɗan Timiya: Ƙanwata ta yi daidai. Kuma in Bagazam za ku hau da ɗari ku shirya. Can sama akwai ƙauyuka da lambuna, da jakai ake hawa da kaya. Cikin Janairu ka bar ruwa a buta waje, da asuba ka tarar ya daskare, sai an kai shi bakin wuta kafin a yi alwala. Sanyin Tawa da kuke kuka da shi somin taɓi ne. Amma ba zan ɓoye ba, ɗari yana da nasa kyau. Lokacin ne lemu ke nuna a Timiya, itace ya yi nauyi har ana tokare reshe da sanda. Ga rumman, ga alkama kore a fangali. In ƙura ba ta taso ba sama takan yi garau, dutsen da ke nisan yini guda ka gan shi ƙuru-ƙuru. Har yanzu akwai lambunan da raƙumi ke jan guga, yaro yana gaba da akala, ya je ya dawo, ruwa yana bin ƴar hanyarsa zuwa gindin shuka.

Hajiya Rabi: Ni ƴar kasuwa ce, albasa da dankalin turawa nike saro daga Tabelot. Na karanta duk abin da kunka rubuta, ina da magana. Ku masu son dabba kuna zaune birni. Mai lambu da biri ya shiga ma masara, ko mai akuya da dila ya ɗauke ma ɗiya, shi wa ke biyan shi? In an ce kada a sari ice, kada a ɗana tarko, kada a yi kaza, to a gaya muna abin da talaka zai ci. Albasar nan ita ta gina gidaje, ita ta kai yara makaranta, ita ta hana samari da yawa tahiya Libiya. Ban ga ragon dutse ya yi ma kowa haka ba.

Lawali: Yauwa Hajiya. Abin da nake nufi ke nan. Mutum yana neman ruwan sha, ana maganar barewa.

Baba Isufu: Hajiya, maganarki tana da nauyi, kuma ba ni musunta ɓarnar biri, na gan ta da idona. Amma bari in raba miki abu biyu da ake haɗawa. Gandun Abzin ba irin gandun W na kudancin ƙasa ba ne da anka fitar da mutane. Tun kafa shi an bar makiyaya da masu lambu cikinsa, da kiwonsu da rijiyoyinsu. Kuma ba su sunka ƙarar da dabba ba. Abzinawa sun yi ɗaruruwan shekaru da jimina a bayan bukkokinsu. Mai tarko guda, mai kare guda, nawa zai kama a shekara? Abin da ya gama da naman daji mota ce da bindiga mai sarrafa kanta. A bi barewa da kat-kat, motar shiga daji, cikin fili har zuciyarta ta buga, a loda goma, ashirin, a wuce. Fari na 1973 da na 1984 sun raunana dabbobi, mota ta ƙarasa. Sannan tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009. Sannan zinariya daga 2014, Jado da Cibarakaten, babura da motoci sunka buɗe hanyoyi inda da sai raƙumi.

Batun ice kuma, ba matar da ke tsintar busasshe don tuwo ake magana ba. Kamyo ake magana, wanda ke cika da ɗanyen ice ya nufi Agadas da Arlit. Hajiya, icen bakin kori shi ke riƙe gaɓa. In an sare shi, ruwa na gaba lambun wa zai ci? Na mai albasarki. Inda ragon dutse ke shan ruwa, nan rijiyar lambu take samun nata. In sama ta lalace ƙasa ba ta tsira.

Hajiya Rabi: Wannan na gaɓa gaskiya ne Baba, na san lambunan da kori ya cinye. Kuma tun da injin ban ruwa ya yawaita, masu lambu da kansu suna kukan rijiya tana ƙara zurfi. Amma har yanzu ban ji wanda zai biya mai masara ba. Ku dai in kun je ku sayi kayan mutanen wurin, ku ɗauki ɗan jagora na garin, ku biya shi da kyau. In ya ga ragon dutse yana kawo mishi kuɗi da ransa, shi zai hana a harbe shi.

Ahmadu Ɗan Timiya: Inna Hajiya kin taɓo inda ke mana ciwo. Lokacin da baƙi ke zuwa, jirgi yana sauka Agadas daga Faransa kai tsaye, ƙauye guda yakan ci abinci da su: mai raƙumi, mai dafuwa, maƙerin azurfa, matar da ke saƙar kaba. Da tsaro ya lalace duk ya tsaya. Jagororin da suka san kowane kwazazzabo, da yawansu sun koma tuƙi ko haƙar zinariya. Shi ya sa tafiyar Mushe ta faranta mini rai. Ɗan ƙasa bai taɓa ɗaukar Abzin wurin zuwa ba, sai dai wurin wucewa.

Hadiza (jami'ar Yamai): Kuma ga abin da ke sa ni baƙin ciki. Ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa sunan maina take ɗauke da shi. Duk ƙasa tana ihun sunan a filin wasa, amma ita dabbar tana cikin waɗanda suka fi kusa da ƙarewa a duniya. A Nijar wuri biyu aka san ta rage, dutsen Takolokuzet cikin Abzin da dutsen Termit, kuma ƴan kaɗan ne. Dabbar fili ce, tsoron mota ya kore ta bisa dutse. Kawu Lawali, abin da ya ɓace yana iya dawowa in an yi niyya. Raƙuman dawan Kure da kuka ambata sun taɓa komawa wajen 50 a tsakiyar shekarun 1990, yanzu sun haura 600, har an ɗebi 8 an kai Gadabeji a 2018. A Cadi an sake sakin mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho, cikin daji tun 2016 bayan an ce ya ƙare, kuma yana haihuwa.

Lawali: Na ji, ƴata. Amma Kure tana bakin hanyar Yamai, idon hukuma yana kanta. Wa zai tsare kilomita murabba'i dubu saba'in da wani abu da ƴan ma'aikata da mota ɗaya ko biyu? Ni nan ne ban gamsu ba.

Baba Isufu: Ma'aikata kaɗai ba su iyawa, ko a zamaninmu ba mu iya ba. Idonmu makiyaya ne. Tsoho zai zo Iferwan bisa raƙumi ya ce ya ga sawun mota ta nufi wuri kaza. Da wannan muke aiki. In hakimai da shugabannin ƙabilu sun ce ba a harbi a ƙasarsu, to ba a harbi. In sun yi shiru, ko soja dubu ka kawo banza ne. Tambayarka tana nan, Lawali, ban ce na amsa ta duka ba.

Mushe, wani abu da ba a ambata ba, tsuntsaye. Wajen Satumba da Oktoba tsuntsayen Turai ke ƙetaro Sahara, tafkunan Abzin su ne ruwan farko da suke samu, sukan sauka a gajiye har ka kusa kama su da hannu. Da ɗari kuma ba sai kun yi nisa ba, ku tsaya tafkin Tabalak a kan hanyarku tun da sassafe, za ku ga agwagin ruwa da sauran baƙin tsuntsaye. Yaranku ma nan ya kamata a fara kai su, yini guda an je an dawo.

Mushe Sani: Alhamdu lillahi, mun ƙaru. Na kai wa abokan aiki bayaninku. Yawancinmu sun karkata ga Disamba saboda hanya da maganar Baba kan ganin dabba. Malam Ahmadu ka yi mana haƙuri, Satumba tana kusa da shirin komawa aji. Tsarin da muke tunani: Tabalak, Agadas mu kwana mu ga masallaci da tsohon gari, Timiya, sannan Iferwan don jimina, mu dawo ta hanyar Arlit mu tsaya Dabus. Bagazam sai wani karo.

Ahmadu Ɗan Timiya: Ba komai Mushe, amma ina nan kan bakana, wata shekara ku zo ƙarshen damina. Tun da Iferwan za ku, ku tambaya ko za a yi bikin Abzin bana, can ake yin sa, ku ga tseren raƙuma. Zan yi wa ƴan uwana magana su samo muku jagora wanda ya san wajen shan ruwan ragon dutse.

Direba Ɗan Abalak: To in haka ne ga nawa. Mota biyu za ku ɗauka, kat-kat, ba a shiga da guda. Kafin ku bar Agadas ku je wajen hukuma ku sanar da hanyarku, ku ji halin tsaro na wannan makon, abin da suka ce shi za ku bi. Kada direba ya bar sawun da jagora ya nuna. Ba a tafiyar dare. Kowa bargo biyu da rawani, takalmi mai rufin ƙafa, mai da ruwa fiye da lissafinku. Waya ba ta kamawa a yawancin wuraren, ku gaya wa iyalanku tun daga gida kada hankalinsu ya tashi.

Baba Isufu: Ku nemi madubin hangen nesa ko guda biyu ne, ku bar fararen kaya gida, ku sa masu launin ƙasa. In an kawo muku naman daji ko ɗan barewa a saya, kada ku saya. Mushe, ka biyo gida bayan la'asar, ina da tsohuwar taswirar gandun, sai in nuna maka tafkunan da ba su ƙafewa.

Mushe Sani: In sha Allahu Baba, gobe ina tafe. Mota ta biyu akwai sauran wuri uku, wanda ke so ya yi mini magana kafin ƙarshen wata don mu san kuɗin da kowa zai kawo.

Hajiya Rabi: Ka rubuta ɗana, yana aji na ƙarshe a lise. Kuɗinshi na wajena.